RAWAYA, AMFANIN DA BA WANDA YA SHUKA

Daga Malamin Gona

 Makon jiya mun yi magana a kan ajiyar hatsi a rumbu. Yau kuwa za mu fita daga gona mu ɗan leƙa daji, saboda wata takarda da wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan miya ya aiko mana. Ya ce shekarun baya mata su kan kawo masa garin rawaya har bakin rumfa, yana saye yana zaɓe. Yanzu kuwa sai ya bi kasuwannin ƙauye da kansa, ya sayo kaɗan da tsada, wani lokaci ma ya komo hannu rabbana. Ya rufe takardarsa da tambaya, ya ce, "Shin Malam, wani ciwo ne ya faɗa wa rawaya, ko kuwa mata ne suka gaji da haƙa?"

To, Alhaji, ba ciwo ba ne, mata kuma ba su gaji ba. Mu ne da kanmu mu ke korar rawaya daga bayan gari, ni mai wannan rubutu ma da hannuna a ciki. Bari in ba ku labarin yadda na gane haka.

Abin Da Wata Tsohuwa Ta Koya Mini

Shekara uku ke nan, cikin hunturu, na fita rangadi wani ƙauye inda na taɓa taimakon mutane suka buɗe sababbin gonaki don noman shanu. Ni ne na tsaya a kansu na ce kada a bar ko kututture ɗaya, a tuge kowace saiwa don kada garma ta karye. Aka yi haka, gonaki suka yi fes, na yi ta murna har na rubuta a rahotona.

Da la'asar ina komowa sai na ci karo da wata tsohuwa ta fito daga wajen duwatsu, da dagi a hannu da ɗan ƙunshi a ka. Na sauka daga babur na ce, "Sannu da aiki, Inna. Daga ina haka da yamma?"

Ta ce, "Yawwa, sannu ɗan nan. Daga haƙar rawaya. Tun hantsi na fita."

Na dubi ƙunshin na ce, "Tun hantsi, Inna, ɗan wannan kurum?"

Ta sauke kayan ta dube ni ta ce, "Ba kai ne Malamin Gonan da ya sa aka tuge bayan gari ba? Sa'ad da aka kawo ni garin nan ina amarya, in na ɗora tukunya na ga ba manja, nan bayan danga na kan fita in haƙo, kafin ruwa ya tafasa na komo. Da ita na yi wa 'ya'yana mata kayan ɗaki. Yau ga shi sai na ƙetare rafi biyu. Ban ce ka yi mugunta ba, ɗana, hatsi ma abinci ne. Amma da ka tambaye mu, da mun nuna maka inda za ka bari."

Ban sami abin da zan ce mata ba. A makarantar aikin gona an koya mini auduga da gyaɗa da dawa, an koya mini awon eka da haɗin taki, amma ba a taɓa ce mini wannan ɗan tsiro yana ciyad da wani gida ba. Tun daga ran nan na shiga bin sawun rawaya, ina tambayar tsofaffi, ina duba littattafai. Abin da na samo shi ne zan shimfiɗa muku yau.

Kamanninta Da Sunayenta

Wanda ya taɓa tafiya a dajin ƙasarmu tsakanin watan Disamba da na Maris ya san rawaya ko bai san sunanta ba. Inda wuta ta ci, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, sai ka hangi waɗansu manyan furanni masu haske zube a ƙasa kamar wani ya yar da su. Ba ganye, ba kara sai ɗan guntu. Faɗin fure ɗaya ya kan kai inci 3, kunnuwansa biyar, tsakiyarsa cike da 'yan siraran zaruruwa. Wannan ita ce rawaya. Sunanta kuwa shi ne mu ke kiran launin da shi, har mu ce riga rawaya, hula rawaya, yara da yawa ba su san tsiro ne ya ba da sunan ba.

Da ruwa ya sauka sai ta fid da karare masu ganye, tsawonsu taku 2 zuwa 3. Ganyen a rarrabe ya ke kamar yatsun hannu, ya so ya yi kama da na rogo. In kaka ta yi kararen su bushe su mutu, amma gindin yana nan da ransa a cikin ƙasa, shekara da shekaru. Gindin nan kauri gare shi, da tauri kamar itace, in ka sare shi cikinsa rawaya ne mai ratsin ja, ya kan rina hannu.

Akwai kuma 'yar'uwarta wadda ta fi ta tsawo, ta kan kai taku 6 ko fiye. Ita ba ta jiran rani. Tun ƙarshen damina zuwa kaka ta ke fure, a can saman kara, da ganyenta a jiki. Ganyenta ya fi faɗi, ya fi kama da na auduga, bayansa fari-fari. Gindin su biyun duka ana haƙa, aikinsu kuwa kusan ɗaya ne, shi ya sa sunayensu suka cuɗanya a bakin mutane. Wani gari a ce rawaya, wani a ce balagande ko balge, wani zunzuna, wani kyamba. A kudancin Jihar Kebbi, wajen ƙasar Zuru, garin da a ke yi da saiwar kwata a ke ce masa.

Masanan tsirrai suna kiran gajeriyar Cochlospermum tinctorium, doguwar kuwa Cochlospermum planchonii. Kada tsawon sunan ya ba ku tsoro. Kalmar farko ma'anarta iri mai kamar katantanwa, domin ƙwayar a lanƙwashe ta ke. Kalma ta biyu ta sunan gajeriyar kuwa ma'anarta ta rini. Tun 1831 aka rubuta wannan suna a wani littafi na tsirran ƙasar Senegal. Likita Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa ya buga a 1916, rawaya tana ciki. Ana samunta tun daga Senegal, ta bi ta Mali da Barkina Faso da arewacin Gana da ƙasarmu, har Cadi da Sudan.

Ba ta son fadama inda ruwa ke kwanciya, ba ta kuma son duhun kurmi. Wurinta shi ne daji mai itatuwa jefi-jefi da ciyawa a tsakani, irin inda kaɗanya da ɗorawa da taura su ke, da gefen duwatsu, da ƙasar tsakuwa da marmara, da tsohuwar saura. Ku lura da wannan, domin za mu komo kansa: wuraren da hatsi ba ya so, nan ita ta ke jin daɗi.

Yadda Ta Ke Rayuwa

In kuna so ku fahimci rawaya, ku ɗauki gindinta kamar rumbu. Da damina ganye ne ke aiki, yana shan rana yana haɗa abinci yana aikawa ƙasa a ajiye. Da rani, sa'ad da kowane tsiro ya bushe, sai ta buɗe rumbun nan ta fid da fure. Ba ruwan sama ta ke jira ba, da ajiyar bara ta ke yi. Ƙwari irin su ƙudan zuma su kan bi furen suna ɗibar garinsa, ta haka ya ke samun barbara ya ɗaura 'ya'ya.

Ɗan rawaya ƙwanso ne mai kamar ƙaramin ƙwai. In ya nuna ya bushe sai ya tsage, ka ga farar auduga a ciki kamar ta rimi, da baƙaƙen ƙwayoyi a lulluɓe. Iska ta kwashe ta watsa. Ƙwayar ɓawonta tauri gare shi, ba ta saurin shan ruwa, saboda haka ba duka ke tsirowa ba, wadda ta tsiro kuma sai ta yi shekaru kafin gindinta ya isa haƙa.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Gero kwana 90 ka shuka ka girbe. Rawaya ba haka ta ke ba. Gindin da mace ta tuge cikin rabin sa'a, wataƙila ya girmi ɗanta na goye da na yaye duka.

Waɗansu su kan ce ai rawaya wuta ta ke so, saboda haka ƙunar daji gata ce a gare ta. Gaskiya ne gindinta ba ya jin wuta, tun da ya ke a binne ya ke, gaskiya ne kuma bayan wuta furenta ya fi fitowa fili. Amma wutar da aka sa a makare, cikin bazara, sa'ad da ciyawa ta bushe ƙayau, ita ce ke cinye furen da ƙwanson da 'yan ƙananan da suka tsiro bara. Uwa ta tsira, 'ya'ya su hallaka. Kada kowa ya fake da rawaya ya cinna wa daji wuta.

Amfaninta

Na farko rini. Kafin garin rini na kanti ya cika kasuwa, da saiwar rawaya a ke rina zare da tufa da kabar tabarma da ta faifai. A daka ta ɗanya ko busasshiya, a dafa da kayan, waɗansu su ƙara toka don launin ya kama. In aka haɗa aikinta da na baba sai a sami kore. Kada a rikita ta da gangamau, wanda shi shuka shi a ke yi, danginsa kuwa citta ce. Launinsu ya yi kusa, amma tsiron daban ne.

Na biyu miya. Wannan shi ne babban cinikinta a yau. Garin rawaya ya kan ba miya launi kamar an zuba manja, da ɗan ƙanshi nasa. Mata masu yin man kaɗanya su kan sa ta a cikin man don ya yi launi mai kyau, ya fi shiga ido a kasuwa. Masana sun bincika sun ga abin da ke ba ta launin nan dangi ne na abin da ke ba karas da manja nasu launi. Amma fa iyaye mata su lura, launi ta ke bayarwa, ba maiƙo ba. Miyar da aka sa wa rawaya ba a sa mai ba, ido ne ya ƙoshi. Yaro mai tasowa yana bukatar mai ko kaɗan ne, na gyaɗa ko na kaɗanya ko manja.

Na uku, ɓawon kararenta ana yin igiya da shi, audugar ƙwansonta kuma ana cusa matashi da ita in an tara da yawa.

Na huɗu magani. A ƙasar Hausa, da Mali, da Barkina Faso, masu maganin gargajiya sun daɗe suna jiƙa saiwar ko su dafa ta su ba mai shawara da mai zazzaɓi da mai ciwon ciki. Masana sun gwada ruwanta a jikin ɓeraye a ɗakin bincike, sun ga alamar tana kāre hanta daga waɗansu abubuwa masu yi mata lahani. Wannan abin a ci gaba da bincike ne.

Amma a nan tilas in ja kunne. Shawara ba ciwo ɗaya ba ce, alama ce. Idon mutum ya kan yi rawaya saboda ciwon hanta mai yaɗuwa ta jini, ko saboda zazzaɓin shawara wanda sauro ke kawowa, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko ciwon sikila, ko toshewar hanyar matsarmama. Kowanne da maganinsa, ba kuwa mai iya rarrabe su da ido sai an auna jini. Zazzaɓin shawara ya sāke ɓullowa a Nijeriya a 2017, ya kashe mutane. Wanda idonsa ya sāke launi a kai shi asibiti tun da wuri, kada a zauna ana ta ɗura masa jiƙo har ciki ya kumbura. Jariri sabon haihuwa kuwa in ya yi shawara, kada a ba shi jiƙon kome, a garzaya da shi ran nan. Tun 2004 allurar rigakafin ciwon hanta tana cikin alluran da a ke yi wa jarirai a ƙasar nan, ta farko ranar haihuwa a ke so a yi ta. Ta zazzaɓin shawara kuwa a wata tara. Rigakafi ya fi magani.

Abin Da Ke Korar Ta

Yanzu sai mu komo kan tambayar Alhaji. Dalilai huɗu na gani.

Na ɗaya, ƙasa ta yi kaɗan. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya miliyan 55 ne da ɗoriya. A ta 2006 sun kai miliyan 140, yanzu kuwa an haura miliyan 200. Ƙasa ba ta ƙaru da ko taku ɗaya ba. Dā manomi ya kan noma gona shekara huɗu ko biyar ya bar ta ta huta, a cikin saurar nan rawaya ke farfaɗowa. Yau wa ke da gonar da zai bari ta huta?

Na biyu, irin noman da mu ke yi. Fartanya ta kan sare kan rawaya ta bar gindin, baɗi ya sāke tohowa. Garmar shanu kuwa sai an tuge, tarakta ma ta kan birkice ƙasa ta fid da gindin rana ta kashe shi. Sa'an nan ga maganin feshi na kashe ciyawa, wanda irinsa mai bin ganye ya sauka har saiwa ba ya barin kome. Mun kuwa saba, in mun gama fesa gona, sauran da ya rage a tanki sai mu juye shi a kan iyaka da gefen hanya, inda ba abin da ya tsare mana.

Na uku, lokacin haƙa. Mai haƙa ta fi ganin rawaya sa'ad da ta yi fure, domin furen ne ke tona mata asiri a cikin toka. Nan take sai a sa dagi. Watau an kashe uwa tun ba ta zub da iri ba. Manomin da ya cinye irinsa tun kafin shuka, me zai girba?

Na huɗu, yadda a ke haƙar. Sa'ad da don miyar gida a ke yi, guntu a ke sara a mai da ƙasa. Da abin ya zama na kuɗi, ana auna shi da mudu da buhu, sai aka koma tuge gindi ɗungum, a bar rami a buɗe, a ci biri har wutsiya. Ban ga laifin matan ba. Wadda ta yi tafiyar mil 4 da yunwa ba za ta bar rabin abin da ta samu a ƙasa ba, alhali ta san in ta bari wata ce za ta zo gobe ta kwashe. Abin da ba na kowa ba, ba mai tausayinsa.

Ba mu kaɗai ba ne. A arewacin ƙasar Benin, wadda dā a ke kira Dahomey, garin saiwar nan abin ciniki ne a kasuwanni, masanan can kuwa sun yi ta jan hankali a kan yawan haƙarta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin Da Za Mu Yi

Ban ce kowa ya bar rawaya a tsakiyar kunyarsa ba. A cikin gona ciyawa ce, tana cin abincin hatsi, tana kuma karya garma. Abin da na ke roƙo ƙarami ne, ba ya cin ko kwabo.

Ga manoma. Kowace gona tana da iyaka, yawancinmu da gamba mu ke shaida ta. In rawaya ta fito a kan iyaka, ko a gefen dutse, ko a fakon da ko ka shuka ba ya yi, ka bar ta. Ka ɗaga garma in ka zo wurin, kada kuma ka juye sauran maganin feshi a kai. Taku 3 na gefen gona ba za su rage maka dami ba, ga shi kuwa suna tare ƙasa kada ruwa ya kwashe. In za ka buɗe sabuwar gona, kafin ka sa gatari ka tambayi matan gidanka abin da su ke ɗiba a wurin. Kuskuren da na yi ke nan, kada ka maimaita shi.

Ga masu haƙa. Ku yi haƙuri sai ƙwanso ya tsage iri ya zube. In kun ga fure, ku kafa ɗan tsinke ko ku ɗora dutse don shaida, ku komo bayan 'yan makonni. In kun zo haƙa, ga yadda tsohuwar nan ta nuna mini: a buɗe ƙasa ta gefe ɗaya, a sari abin da a ke so, a bar kan da idanun toho su ke tare da wani sashi na gindin, a mai da ƙasa a take da ƙafa. Na koma na duba wuraren da ta yi haka, da damina duk sun toho. Ƙananan da ba su kai kaurin hannu ba kada a taɓa su. Inda kuka tarad da guda uku, ku ɗauki ɗaya ku bar biyu. Kada kuma ku haƙa a gonar da aka yi wa feshi, ko gefen hanyar da a ke zubad da magani, domin abin ci ne za a kai wa mutane.

Ga gyaran gari. A wanke saiwa sarai, a kankare ɓawon, a yayyanka ko a farfasa tun tana ɗanya, domin in ta bushe ɗungum sai ta gagari taɓarya. A shanya a kan tabarma ko leda mai tsabta, ba a kan kwalta ba inda mota ke bi da akuya ke takawa. Sai ta bushe ƙayau a daka a tankaɗe. Garin da aka ɗaure da sauran laima funfuna ya ke yi, funfuna kuwa guba ce ga hanta, ga shi dā ma don hantar waɗansu ke saye. A ajiye a inuwa cikin abu mai murfi, domin rana da iska su kan kashe launin.

Ga 'yan kasuwa, har da Alhajinmu mai tambaya. Ku ne ke riƙe da linzami. In kuka ƙi sayen 'yan ƙananan saiwoyi, za a daina haƙo su. In kuka ƙara wa mai gari mai tsabta ɗan abu a kan na saura, gobe kowa zai gyara. Wanda kuma ya ke gauraya garin da jar ƙasa ko garin rini don ya yi auki, ya ji tsoron Allah, cikin mutane zai shiga. Mai saye ya iya gwadawa: ya zuba kaɗan a kofin ruwa ya motsa, in da ƙasa za ta kwanta a gindi, ya ji ta kuma tana ƙaras-ƙaras a tsakanin yatsu.

Ga dagatai da masu unguwa da malaman ofis. Maganar nan ba ta mutum ɗaya ba ce. In gari yana da dajin da a ke haƙa, a zauna da matan da ke wannan sana'a a raba shi uku, bana a haƙa kashi ɗaya, sauran biyu su huta, baɗi a juya. Kakanninmu sun yi irin wannan doka a kan su da kaɗe ɗorawa, ba a fara sai an yi shela, ba kuwa wanda ya mutu da yunwa saboda jiran. Malaman da ke rubuta takardun rabon fili kuma, in an zo yanka daji, a tuna a ware gefen duwatsu da tudun marmara a bar wa gari. Ba wanda zai yi arzikin masara a kan marmara.

Ko Za A Iya Shuka Ta?

Har yanzu daga daji a ke samun rawaya, ba ta zama amfanin gona ba. Amma na ɗan gwada a bayan gidana, ga abin da na gani. Na tara ƙwanso cikin watan Maris, na cire audugar, na ajiye ƙwayar a kwalba. Da ruwa ya zauna na raba ta biyu. Kashi ɗaya na shuka haka nan. Ɗayan na goga kowace ƙwaya a kan dutse har ɓawon ya ɗan kankaru, na jiƙa kwana ɗaya, sa'an nan na shuka. Waɗanda na goga su suka riga fitowa, su suka fi yawa kuma. Shekarar farko tsiron bai fi tsawon yatsa biyu ba, da rani ya ɓace har na ce ya mutu. Da ruwa ya sauka sai ga shi ya komo da ƙarfinsa. Ashe aikin a ƙasa ya ke yinsa.

Gwajin mutum ɗaya a bayan gida ba hujja ba ce, saboda haka ina roƙon masu karatu su taya ni. Wanda ya ke da fako ko gefen dutse a gonarsa ya tara iri bana, ya shuka da damina, taku 3 tsakanin rami da rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Ya tsare shi daga wuta da garma shekara biyu na farko. In ya yi, ka sami abin da zai riƙa ba iyalinka kuɗin gishiri daga ƙasar da dā ba ta ba ka kome. In bai yi ba, ba ka yi hasarar kome ba sai yini ɗaya. Malaman makarantun firamare na ƙauye ma suna iya sa yara su gwada a gefen lambun makaranta. Kowa ya gwada ya rubuto mana abin da ya gani, da sunan da a ke kiranta a garinsu, za mu buga a wannan fili.

Bara na koma ƙauyen nan na nemi tsohuwar, aka ce ƙafa ta hana ta fita daji, jikarta ce ke zuwa. Na je na gaishe ta, na gaya mata mutanen garin sun yarda sun bar tudun da ke gabas da rijiya ba za a noma ba. Ta ce, "Madalla. Ni dai na ci nawa, ɗana. Ku bar wa yaran nan nasu."

Saƙon da na kawo muku ke nan. Alhaji mai kayan miya, ina fata ka sami amsarka. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan tanadin harawa da ƙaiƙayi don shanun noma kafin bazara. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.